Noboru Zai Ajiye Tuƙi

Kushiro, watan Oktoba

Yaya Tokie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki da shigowar sanyi? Ya jikoki?

Kin ce na yi shiru. Kin tuna shagon taliyar Isamu, ƙanen maigidana Noboru, wanda shi Noborun ya tsaya masa a banki ina cewa kar ya sa hannu? Shago ya rufe, Isamu ya yi ɓatan dabo, banki ya juyo kanmu. Yanzu tun daga ofishin kamfanin bas ɗin da yake wa tuƙi ake yanke kashi ɗaya cikin huɗu na albashin Noboru, da umarnin kotu.

Yankan bai dame shi ba kamar sanin da 'yan ofis suka yi. Ya daina zama cikin direbobi. Wai ya jawo wa kamfani abin kunya, don haka zai ajiye aiki. Na ce, "Baban Chiyo, kunyar za mu dafa mu ci?" Mutum ya haura hamsin, wa zai ɗauke shi? Kuma gidan da muke ciki na kamfani ne. Yaya, tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Fumie

Kushiro, watan Maris

Yaya Tokie,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, busasshen kifin da kika aiko ya iso, mun gode.

Da ƙyar na ja shi wurin wata lauya, yana tafe kamar za a cire masa haƙori. Ta ce ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye. Daga ranar da kotu ta karɓa, yanka ya tsaya, duk albashin da ya yi wa aiki bayan nan nasa ne. Amma in ya ajiye aiki aka damƙa masa kuɗin sallama, yawancinsu masu bin bashi ne za su kwashe. In ya zauna, ɗaya bisa takwas na kuɗin kawai za a lissafa, mu biya a hankali.

Ya ce, "To mutuncina fa?"

Ta ce, "Malam, ajiye aikinka banki kaɗai zai yi wa daɗi. Shi kake son faranta wa?"

Ya bi shawararta, amma duk da haka sai da ya sa kwat ɗinsa ya je ya rusuna wa manaja yana ba da haƙuri. Manajan ya ce masa, "Na ji. Ƙanƙara ta rufe hanyar tashar jirgin ruwa, kai za ka tuƙa gobe, yaran nan jefa min bas za su yi a rami."

Albashin watan jiya ya shigo cif. Motarmu ta tafi wurin biyan bashi, amma muna nan a gidanmu.

Jiya da safe ina ba shi kuɗin kashewarsa na wata, ya tsaya yana sosa ƙeya, wai in ɗan ƙara masa, direbobi za su fita shan giya ran Asabar kuma sun ce lallai da shi. Na ce wanda ya karye ba ya ciniki. Da ya fita na zura masa ƙarin a aljihun rigar da zai sa washegari, na zauna a kicin na sha kukana.

Ki gaida kowa.

Taki har kullum,
Fumie