Ƙorafi Kan Sayar da Injin Maɗaba'ar Nagoda da Sunan Neman Biza

Zulkiflu Mamman Nagoda,
Maɗaba'ar Nagoda,
Layin Malam Salmanu,
Tudun Wada, Zariya.

13 ga Oktoba, 2025.

Mai Girma Kwamishina,
Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a,
Ofishin Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

GAME DA: YAUDARAR MAGADAN ALHAJI MAMMAN NAGODA DA SAYAR DA INJIN ƊAB'INSU DA SUNAN BIZAR MASU ZUBA JARI

Bayan gaisuwa ta girmamawa, na rubuto wannan takarda ne a madadin yayata, Malama Siddiƙa Mamman Nagoda, da mahaifiyarmu, Hajiya Ummuhani. Wanda muke kuka da shi shi ne Alhaji Yusha'u Kailani, mai ofishin Kailani da 'Ya'yansa da ke Kwangila, wanda sana'arsa nema wa 'yan kasuwa bizar zama a ƙasashen waje. Abin da ke gabanmu ɗaya ne. Ranar Litinin, 3 ga Nuwamba, za a zo a kwance injin buga littattafan da Siddiƙa ke ciyar da gida da shi, a loda shi a mota.

Mahaifinmu ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2024. Mu uku ya bari: wanmu Khubaib, sai Siddiƙa, sai ni. A gidanmu ba a raba gado muddin uwa na raye. Ana barin dukiya a dunƙule, babban wa ya riƙe suna, kowa ya ci daga ciki. Haka kakanmu ya yi, haka mahaifinmu ya gada. Ban zo kare wannan al'ada ba. Na ambace ta ne domin ta nan aka biyo aka cuce mu.

Sunan na Khubaib ne, amma aikin na Siddiƙa ne. Tun tana budurwa take ninke takarda a bayan injin nan. Ita ke karɓar aikin makarantun Islamiyya, ita ke sayo tawada, ita ke duba kowane shafi kafin a buga, na boko da na ajami. Ta taɓa dakatar da aikin kalanda gaba ɗaya saboda wasali guda da ya zauna a inda bai dace ba. Mijinta ya rasu. Ita da 'ya'yanta da mahaifiyarmu, daga injin nan suke ci.

Ga ƙorafe-ƙorafenmu:

1. Alhaji Yusha'u ya shaida wa Khubaib cewa akwai wata ƙasar Turai, wadda sunanta ke cikin takardun da na haɗo, da ke ba mai kamfani izinin zama idan ya zuba jari a can. Ya ce sharaɗin shi ne kamfanin ya zama mallakar mai nema shi kaɗai. Da Khubaib ya ce maɗaba'ar gado ce da ba a raba ba, sai ya ce wannan ƙaramin abu ne, takardar gabatarwa kawai 'yan'uwa za su sa wa hannu don idon Turawa, a gida babu abin da zai canza. Na karanta takardar. Ba ta gabatarwa ba ce. Takardar sallama ce, wadda kowane magaji ya bar wa Khubaib kasonsa, shi kuma Khubaib ya ba Alhaji Yusha'u ikon sayarwa a madadinsa.

2. Alhaji Yusha'u bai kawo takardar a ranar da babu taro ba. Ya kawo ta ranar 18 ga Nuwamba, 2024, ranar sadakar arba'in ta mahaifinmu. Malamai na zaune a ƙofar gida, ana rabon waina, Siddiƙa na tsakar gida hannunta duk mai. Khubaib ya kira ta zaure a gaban baƙi, ya miƙa mata biro, ya ce: "Ke Siddiƙa, sa hannu nan, ki kai wa Inna ita ma ta dangwala, mutane na jira." Ranka ya daɗe ya san gidajenmu. Ƙanwa ba ta tsayawa ta karanta takardar da wanta ya miƙa mata a gaban dattawa, domin yin haka tamkar ta ce ba ta yarda da shi ba ne. Alhaji Yusha'u ɗan garin nan ne, shi ma ya sani. Matar da sana'arta bin takarda harafi bayan harafi ta goge hannu a gefen zane ta sa hannu, ba ta karanta ko layi ɗaya ba.

3. Mahaifiyarmu tana cikin takaba a lokacin, baƙon namiji ba ya shiga wurinta. Saboda haka babu wanda ya karanta mata, babu wanda ya fassara mata, babu shaida a ɗakin. Siddiƙa ce ta kai mata takardar da tawadar dangwale, ta kama babban yatsanta ta ɗora. Hajiya ta tambaya ko ta asibitin da marigayi ya kwanta ce. Siddiƙa ta ce ta Yaya ce. Hajiya ta ce to, Allah ya yi albarka. Amma a ƙasan takardar an rubuta cewa an karanta mata a gaban shaidu biyu ta fahimta. Shaidun nan ma'aikatan ofishin Kailani ne, ba su taɓa wuce zaurenmu ba.

4. Ni ina Malesiya ina karatu a ranar. Ban zo jana'iza ba, ban zo arba'in ba. Ga hatimin shige da fice a fasfo ɗina. Duk da haka akwai sa hannu a gaban sunana, an rubuta "a madadinsa". Ban wakilta kowa ba. Babu wanda ya kira ni.

5. Khubaib ya tashi a watan Yuni na wannan shekara. Bizar da aka ba shi ta ziyara ce, ta wata uku, ba ta mai zuba jari ba. An ce masa da ya sauka wani lauya zai tarbe shi ya sauya ta. Babu lauyan. Bizar ta ƙare a Satumba. Yanzu yana kwana a ɗakin wani ɗan Ghana, yana sauke kaya a wani sito, yana kauce wa 'yan sanda. Sau ɗaya ya ɗaga wayar Siddiƙa. Bai ba ta haƙuri ba, ita ma ba ta nema ba. Ya tambayi jikin Inna, ta ce da sauƙi, layin ya katse. Ba na wanke shi. Baligi ne, da idonsa ya ga kalmar ziyara a fasfonsa ya hau jirgi.

6. Ranar 6 ga Oktoba, Mista Ekene Nwosu, mai maɗaba'a a Kaduna, ya iso da makanikai. Siddiƙa na tsakiyar buga takardun jarrabawar wata makaranta ta Hanwa. Ya nuna mata shaidar cewa ya sayi injin daga hannun Alhaji Yusha'u tun watan Mayu, wai don a haɗa jarin da za a zuba a waje. A ranar ta fara karanta takardar da ta sa wa hannu. Ta karanta ta a tsaye, har ƙarshe, ta koma farko. Mista Ekene ya ce: "Malama, wallahi ce mini aka yi mai shi ya yi ƙaura, an rufe wurin." Ba mu da ƙorafi a kansa, sayensa ya yi. Ya yarda ya jira zuwa 3 ga Nuwamba, ya ce daga nan shi ma bankinsa ba zai jira shi ba. Kafin su tafi, makanikan sun bi sassan injin da alli suna sa lamba, don su san yadda za su sake haɗa shi a Kaduna.

7. Washegari na je ofishin Kailani. Alhaji Yusha'u ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce: "Haba Malam Zulkiflu, kai da ka yi boko har ƙetare. Wa na kama wa hannu? 'Yar'uwarka ba ita ce mai karatun gidan ba?" Da na tambayi inda jarin ya shiga, ya ce yana hannun abokan hulɗarsa na waje. Da na nemi sunansu, ya ce sirrin sana'a ne. Ya raka ni har bakin ƙofa, ya ce in gaida Hajiya.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon Mai Girma Kwamishina:

(a) ya sa baki a dakatar da kwance injin kafin 3 ga Nuwamba, har a gama bincike;

(b) ya gayyaci Alhaji Yusha'u da shaidunsa biyu su faɗi ɗakin da suka zauna suka karanta wa mai takaba takarda, da kuma wanda ya sa hannu da sunana;

(c) ya miƙa batun ga hukumar da ta dace domin a soke takardar sallamar, Mista Ekene kuma ya nemi haƙƙinsa a wurin wanda ya sayar masa;

(d) ya binciki ko ofishin nan na da izinin yin wannan sana'a, domin ranar da na je na tarar da layin mutane riƙe da fasfo.

Mun yi magana da lauya, ya ce shari'a za ta ɗauki lokaci. Injin da aka kwance aka raba sassansa ba ya jiran hukunci. Shi ya sa muka zo nan.

Har yau mahaifiyarmu ba ta san an sayar ba. Daga ɗakinta tana jin ƙarar injin, da ita take gane gari ya waye lafiya. Siddiƙa na buɗe shago kullum, ta zuba wa injin mai, tana kewaye lambobin allin da tsumma ba tare da ta goge su ba. Na ce ta goge. Ta ce ba za ta ƙara taɓa rubutun da ba ta san hukuncinsa ba.

Ba mu roƙi a dawo mana da wanmu ba. Shi da ƙafarsa ya tafi. Injin ne ba shi da ƙafa, sai an ɗauke shi. Idan aka ɗauke shi, safiyar 4 ga Nuwamba Hajiya za ta ji shiru ta tambaya, kuma wadda ta kama mata yatsa ce za ta ba ta amsa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Kwamishina lafiya, ya yi masa jagora.

Naka cikin biyayya,

Zulkiflu Mamman Nagoda

Na karanta wannan takarda tun daga farko har ƙarshe kafin na sa hannu.

Siddiƙa Mamman Nagoda

Abin da aka haɗo: kwafin takardar sallama, kwafin shaidar sayen Mista Ekene, kwafin shafukan fasfo ɗina, hoton bizar Khubaib.