Tambayar da Zahari Ya Yi a Taron Gida

Ruse, farkon Oktoba

Yaya Nevena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi kuma an gama tsinkar inabi lafiya. Tunda kin ce ba kya jin magana a waya, ga takarda.

Kin tuna Zahari, tsohon nan mai doguwar furfura da ke hawa na uku, wanda ya mayar da tsohon ɗakin wanki na ƙasa wurin kiɗansa? Tun da aka naɗa ni wakilin gidan nake fama da shi. Ɗakin yana daidai ƙarƙashin falona. Da ya fara sai in ɗauki sandar share-share in yi ta dukan bututun ɗumama ɗaki, in leƙa matakala in yi masa tsawa. Stoyanka ta hawa na biyu ma tana son wurin, ta ce kwalaben tumatirinta sun rasa mazauni. Na sa maganar a taron mazauna gidan na ƙarshen wata, a karɓe makullin.

To, 'yata Iskra ta zo daga Sofiya, ta ga sunansa a akwatin wasiƙu, ta tsaya cak. Ta ce, "Baba, ka san ko wa kake kora?" Na ce mai hana mutane hutawa. Ta ce a da, lokacin da hukuma ba ta son kiɗansa, matasa ɓoye kaset ɗinsa suke yi a cikin riga. Ta saka mini faifansa guda a waya, ta bar mini abin saƙalawa a kunne. Na ce zan saurara don in samu abin faɗa a taro.

Yaya, wannan tsakaninmu ne. Babu waƙa a farkonsa, sai ƙara kamar ana jan gadon ƙarfe a kan siminti. Har na kai hannu zan kashe, sai jita ta shigo a hankali, kamar mutumin da ya gama kuka yana neman yadda zai fara magana. Miya ta ƙone a kan wuta ban sani ba. Tun ranar kullum sai na ji shi.

A gaida maƙwabta. Ƙaninki,
Radko

*

Daga ƙauye

Radko,

Na samu takardarka, muna lafiya, ƙafa tana nan yadda ka san ta.

Na yi dariya har kaji suka watse. Kai da ka sa aka rage sautin kiɗa a bikin 'yarka? Zauna in ba ka labari. Na riga ka sanin Zahari. Ina budurwa na je wasan ƙungiyarsu a ɗakin taron ma'aikata. Ana tsakiyar kiɗa aka yanke musu wuta da gangan, suka ajiye jita suka ci gaba da buga kujeru, mu kuma muna buga ƙafa a duhu. Kai kana gida kana goge takalman makaranta. Ban gaya maka ba saboda da ka kai wa Baba rahoto.

Ban ga abin ɓoyewa ba a nan. Ka sauka matakala, ka ƙwanƙwasa da hannu kamar mutum, ka ce masa ka ji kuma ya shige ka. Sannan ka cire maganar daga taro. Stoyanka ta sa kwalabenta ƙarƙashin gado kamar kowa.

Na ba direban bas kwalbar rakiya, giyar inabin nan tamu, ya kawo maka. Ba taka ba ce, ka kai masa.

Yayarka,
Nevena

*

Ruse, Nuwamba

Yaya Nevena,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ban san ta inda zan fara ba ne.

Ban sauka ba. Maimakon haka na gano wani shagon tsofaffin fayafayai bayan kasuwa, na shiga bin ayyukansa tun daga na farko. Na ƙuruciyarsa duk fushi ne, ganga kamar ana rushe gini. Akwai wanda ya yi bayan abokan kiɗansa sun watse zuwa ƙasashen waje, shi kaɗai da jita da ƙarar jiragen ruwa a kogin Danub. Wannan ba na iya jin sa a tsaye. Akwai kuma wanda har yau ban gane kansa ba, amma ina komawa. Nakan sa fayafayan a ƙasan jaka in rufe da kabeji.

Rannan muka haɗu a matakala, jakar tana hannuna. Ya ce, "Sannu da cefane, ranka ya daɗe wakili. Kabeji ya yi nauyi bana." Na ce, "Haka ne," na wuce kamar wanda ake kira.

Sai na iso kan na ƙarshe, wanda ya fitar bara. A kiɗa na biyu na ji wani bugu da na sani. Yaya, ni ne. Dukan bututuna ya ɗauka, ya gina kiɗan gaba ɗaya a kansa. Har muryata tana ciki, can nesa, ina cewa, "Akwai mutane a gidan nan." Na zaci ba'a ce. Na maimaita shi ina neman wurin da ya yi mini dariya, ban samu ba. Jitar bin bugun nawa take yi a hankali, kamar mai rarrashi.

Da wannan a kaina na shiga taro. Na yi niyyar janye maganar, wallahi na yi niyya. Amma kafin in buɗe baki Stoyanka ta miƙe ta ce, "Ku duba Malam Radko, duk ya rame. Shi ya fi kowa shan wahalar wannan hayaniya, shi ya tsaya mana." Aka tafa mini. Wani ya ce abin ba kiɗa ba ne, gyaran mota ne, aka yi dariya, ni ma na murmusa.

Zahari yana zaune kusa da ƙofa, hularsa a gwiwa. Bai yi gardama ba. Ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. A cikinku akwai wanda ya taɓa zama ya saurara, ko sau ɗaya?"

Abin kunnen yana cikin aljihuna, hannuna yana kansa. Na sunkuyar da kai ina gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Aka ce a ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, suka juyo suna kallona. Na ɗaga.

Ya ajiye makullin a gabana ya ce, "Ga shi, wakili. Ƙofar tana ɗan cijewa, sai ka ɗaga ta."

A makon ya kwashe kayansa. Ba ɗakin ƙasa kaɗai ya bari ba, gidan ya bari, ya koma Svishtov wurin ɗan ƙanwarsa mai gareji. Ina bayan labule ina kallo ana loda mota. Kwalbarki tana nan kan tebur.

Ki ce wani abu.
Radko

*

Radko,

Lafiya muke. Na karanta, na ajiye, na sake karantawa.

Me kake so in ce? Ka tsufa kana tsoron Stoyanka. Da ba ka son kiɗan ne da na ce ra'ayinka ne. Amma kana so, aka tambaye ka, ka yi shiru.

Kada ka sake rubuto mini shafuka kana jin kunya a gabana, ni ba abin da ka yi mini. Ka san wanda ya kamata ya samu takarda. Ina nan ina sonka, amma yau ba da yawa ba.

Nevena

*

Ruse, Disamba

Zuwa ga Malam Zahari,

Bayan gaisuwa da fatan ka samu wurin zama mai ɗumi. Ni ne Radko na hawa na ɗaya. Mai kawo wasiƙu ne ya ba ni adireshinka.

Ka yi tambaya a taro ba a amsa maka ba. Amsar ita ce akwai, ni ne. Na saurari duk abin da ka fitar wanda hannuna ya kai gare shi, har da wanda nake ciki. Ina da su a gida lokacin da na ɗaga hannu. Ba ni da wani dalili da zan ba ka, tsoron a yi mini dariya ne kawai.

Na ajiye wakilcin gidan, na kuma faɗa musu dalili a gaban kowa. An yi dariyar, ba ta kashe ni ba. Na nemi a mayar maka da ɗakin, an ƙi, kwalabe sun riga sun cika shi.

Ban cancanci in roƙe ka komai ba, amma ga ni ina roƙo. An ce akwai wani kaset da kuka ɗauka a gidan wani aboki, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Shi kaɗai ya rage ban ji ba. In ka ga dama ka gaya mini inda zan neme shi. In ba ka amsa ba ma na fahimta.

Da girmamawa,
Radko Tanev

*

Svishtov

Malam Radko,

Gaisuwa. Garejin yana da sanyi amma ana aiki.

Na san kana saye. Mai shagon tsohon makaɗin gangata ne, tun ranar farko ya kira ni. Shi ya sa na yi tambayar. Ba mutanen gidan na tambaya ba, kai na tambaya, kuma na ɗauka za ka amsa.

Ba zan ce maka ya wuce ba, bai wuce ba tukuna.

Ga kaset ɗin. Shi kaɗai ne a duniya, don haka aro ne. In ka gama, kada ka ba gidan waya. Ka kawo shi da kanka.

Zahari