Ragon Darakta

Ofishin Babban Daraktan Kwamfutoci,
Shiyyar Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, da abin da ya yi gaba.
4 ga Oktoba, 1999.

Zuwa ga dattijo mai daraja, Malam Jibril na Ƙofa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarka da ta iyalinka baki ɗaya. Yaya aikin kaka? Yaya gwiwar uwargidanka Inna Safara'u, ta hagun nan da ke hana ta durƙuso? Kada ka yi mamaki, ofishinmu yana da labarin kowa.

Ba ka san ni ba, amma ni na san ka. Dalilin wannan takarda shi ne jikanka Sunusi ɗan Lawal, wanda aka turo Tudun Wada koyon ɗinki wajen baffansa Isa. Rahoto ya iso teburina cewa Isa ya kai ƙara, wai yaron ya bar keken ɗinki ya tare a shagon maƙwabta, wajen Salamatu mai buga takardu. Shi kuma uban ya yanke hukunci da an gama yankan shinkafa za a mayar da shi gona. Ƙarar gaskiya ce. Amma kafin a zartar, ya kamata babba irinka ya ji abin da ke cikin shagon.

Sunanta kwamfuta. Fuskarta irin ta talabijin, sai dai ba ta waƙa, ba ta kawo labarai, jira take ka faɗa mata. A gefenta akwai akwati mai gurnani a hankali, shi ne cikinta, har da 'yar fanka a ciki don ba ta son zafi. A gabanta akwai faranti mai maɓallai fiye da ɗari. Sai wani ɗan abu mai doguwar wutsiya, idan ka ja shi a kan tebur wata kibiya ta yi ta yawo a gilashi. Ni kaina, da nake Darakta, na taɓa ɗaga shi na leƙa ƙarƙashinsa, na tarar ƙwallo ce kawai kamar ƙwan tattabara.

Malam, kai da ka shekara arba'in kana wanke allo, ka saurari wannan. Idan an yi kuskure a rubutu, ba ruwa, ba gogewa, ba a jiran ya bushe. Maɓalli ɗaya za a taɓa, harafin ya ɓace kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ina yake tafiya? Ofishinmu na nan yana bincike. Sannan ga hadda. Abin da aka ba ta yau, bayan wata shida za ta mayar maka da shi ba tuntuɓe, ba a ɗaga mata bulala ba. A ra'ayina da a makarantarka take, da ta sauke cikin mako guda, sai dai ba za a yi mata walima ba don ba ta cin waina.

Wannan takarda da ke hannunka ita ta haife ta. Ka duba yadda haruffa suka jeru kamar kunya a gonar gwani. Wata na'ura ce ke fitar da ita tana ƙara kamar gyare dubu sun haɗu.

Game da yaron: ya zo bai san baƙin boko ko ɗaya ba, cikin wata huɗu ya haddace inda kowane harafi ke kwana. Yanzu da yatsu shida yake bugawa. Yana da ladabi, da kunya, da kyan fuska. A duk shiyyar nan ban ga kamarsa ba. Asara ce a ce wannan hannu ya koma riƙon lauje. Saboda haka ofishina yana ba da shawara ka kira ɗanka Lawal ka yi masa magana, tunda kowa ya san ba ya tsallake maganarka.

A gaishe da mutanen zaure. A gaishe da Inna Safara'u gaisuwa ta musamman.

Ni ne,
Alhaji Injiniya S. L. Tudunwada,
Babban Darakta.

*

Ofishin Babban Daraktan Kwamfutoci.
13 ga Oktoba, 1999.
GAGGAWA.

Zuwa ga Malam Jibril na Ƙofa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali, da dabbobi. Allah ya sa an ga amfanin gona.

Labari ya iso mini daga bakin Idi direba, mai jigila tsakanin Ƙofa da Tudun Wada, cewa takardata ta isa. Ya ce da yake ba ka karanta boko, sai ka sa aka kira malamin firamare ya karanta ta a zaure bayan la'asar, gaban liman da mai unguwa da duk wanda ya zo wucewa, har sau biyu. Ya ce mai unguwa ya karɓe ta da hannu biyu ya ce takardar da inji ya buga ba ta ƙarya. Na gode da wannan girmamawa, ko da yake da an tambaye ni da na ce a karanta ta a ɗaka.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne abin da Idi ya ƙara. Wai ka ce babban mutum ba ya yabon jikanka a bar shi haka, don haka ranar kasuwa za ka zo da kanka, da Lawal, da liman, da farin ragon nan da ake kiwo tun bara, ku yi mini godiya.

Malam, kada ku zo.

Na farko, ana yi wa ofishina fenti. Na biyu, dokar aikinmu ta hana Darakta karɓar abu mai ƙaho. Na uku, kuma shi ne babba, kwamfutar shagon Salamatu ba ta da lafiya. Kada ka yi dariya, suna kamuwa da cuta. Wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, kamar yankan sabulu amma siriri, ake zura mata a baki don ɗaukar rubutu daga wannan inji zuwa wancan. Wani ya zo da nasa daga birni ashe da cuta a jiki, ta shafa mata, kamar yadda saniya ɗaya ke ɓata garke a mashaya. Tun ranar take nauyin jiki, a taɓa ta yanzu sai an jima ta amsa. An ce ba ta kama mutum, amma ba a gwada ta a kan tsoho ba tukuna, balle rago.

Ga kuma wani labari da ake ta yi. Wai daren da shekara ta dubu biyu za ta kama, kwamfutocin duniya za su rikice da lissafin kwana, su ɗauka an koma shekara ɗari baya. Salamatu ta ce sharrin masu neman a kira su gyara ne. Ni dai ina so in ga wannan rana da idona. Idan tamu ta koma baya, ko za ta san zamanin kakanka? Saura wata biyu da 'yan kwanaki, kuma dole a samu mai lura da ita. Ka ga dalilin da ya sa ba a son yaron nan ya motsa.

Shekaranjiya ma wani ma'aikacin gona ya tsaya a shagon da wata ƙaramar kwamfuta a cikin jaka. Buɗe ta ake yi kamar littafi, a ɗora a cinya yadda ake ɗora allo, ba waya, ba janareta. Ya ce a Ikko har tarho ake sakawa a aljihu. Wannan kam ban yarda ba sai na gani. Maganar ta ina za ta bi?

A taƙaice, ka zauna a gida ka huta. Magana ɗaya ga Lawal ta wadatar. Ni zan yi tafiya mai nisa, ban san ranar dawowa ba.

Ni ne,
Babban Darakta.

*

Tudun Wada,
Talata, tara ga Rajab.

Zuwa ga tsoho mai ran ƙarfe, kakana Malam Jibril,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi, ina durƙushe. Ina fatan kana lafiya, da Baba, da kowa da kowa. Yaya amaryata Inna Safara'u, wadda kake riƙe mini kafin in yi ƙarfi?

Wannan da tawada da alƙalamin kara na rubuta ta, da ajamin da ka koya mini da bakin bulala, don ka karanta da kanka. Don girman Allah kada a kira malamin firamare.

Rago ya iso. Idi ya sauke shi ranar Asabar da hantsi, ya bi kasuwa yana tambayar ofishin Darakta, tun daga 'yan hatsi har 'yan awaki, yara na biye da shi. Da bai samu ba sai ya ɗaure shi a ƙofar shagon Salamatu, ya ce ai nan ne aka ce akwai injin. Sannan ya kira ni gaban Baffa Isa ya ba ni saƙonka in kai wa Darakta, yana magana yana kallon sama don kada dariya ta ƙwace masa.

Na haddace saƙon. Ka ce ka fasa zuwa tunda ana fenti, amma kyauta ba ta komawa. Ka ce a tambayi Darakta a wace makaranta ya yi injiniya har ya san gwiwar hagu ce ke damun matarka, alhali ko surukanta ba su sani ba. Ka ce kuma ka yi shekara saba'in ba ka taɓa jin wanda ya ce Sunusi yana da kunya ba, saboda haka kana so ka ga fuskar mutumin. Idan ya zo Ƙofa da ƙafarsa ranar Juma'a bayan an sauko, ya tsaya a zauren da aka karanta takardarsa, gaban waɗanda suka ji ta, ya faɗi sunan ubansa, to za ka sa Lawal ya bar masa yaron shekara guda. Idan bai zo ba, lauje na nan an wasa shi.

Tsoho, ka iya tarko. Tun yaushe ka gane? Ina jin tun daga gwiwa. Amma ka bar mai unguwa ya riƙe takarda da hannu biyu, ka bar ni ina ta fenti.

Bari ka ji sauran. Ragon nan kafin azahar ya cinye gefen zanen da ake lulluɓe kwamfuta da shi. Salamatu ta fito tana salati, ta ce wane ne Darakta a garin nan da ita ba ta sani ba? Na ce ban san shi ba, ƙila baƙo ne. Sai ta wuce gaban injin. Ta zauna, ta ja ɗan abin nan mai wutsiya, ta taɓa nan ta taɓa can, sai ga takardun nan biyu a gilashi, da rana da sa'ar da aka rubuta su, duk lokacin da ta tafi salla ta bar mini shago. Ni da na yi ta yaba maka haddarta, ban tuna cewa mai hadda ba ya zaɓen abin da zai riƙe ba. Na yi zaton da na kashe ta magana ta mutu. Ta tona ni ko kunyar ido babu, ni da nake share mata ƙura kullum.

Salamatu ta yi dariya har da hawaye, musamman wajen kyan fuska. Da ta gama sai ta ɗaure fuska. Ta ce mutane na kawo mata takardar gona da ta neman aiki saboda sun yarda abin da ya fito daga injinta gaskiya ne, ni kuma na ɗauki wannan yarda na yi wasa da ita. Ta ce yatsana ba zai sake taɓa maɓalli ba sai na je na wanke abin da na shafa. Yau kwana uku ina kallon injin ta taga, ni da ragon. Wannan maganar ta fi bulalarka zafi.

Yanzu ga gaskiya, ba Darakta a ciki. Na ji tsoro ne. Na san idan Sunusi ya ce a bar shi, za a ce wasansa ne na kullum, kamar ranar da na sa wa Baffa kwaɗo a buta. Sai na ce bari in ari babbar riga. Amma abin da na faɗa game da injin, ban da ciwon tsoho da rago, duk haka yake. Ban taɓa son sanin cikin wani abu kamar wannan ba. Ina ɗinki hankalina na can. Ka tuna takardun mahaifinka na cikin gafaka, waɗanda gara ta ci rabinsu, ranar da ka buɗe ka kasa cin tuwo? Salamatu ta ce a Kano akwai kwamfutar da ke rubutu daga dama zuwa hagu, da baƙaƙenmu. Ina so in kai inda zan zauna gabanta, kana karanta mini abin da ya rage ina bugawa, mu fitar da goma, mu ga ta inda gara za ta fara.

Na san abin da ke jirana ranar Juma'a. Mai unguwa ba zai yafe hannu biyun nan da wuri ba. Baba zai kalle ni irin kallon nan nasa. Yaran Ƙofa kuwa sun samu sunan da za su kira ni da shi har in yi furfura. Na auna duka, na ga sun fi lauje sauƙi.

Saboda haka a share zaure. Darakta zai zo a motar Idi, a baya, rungume da rago, don dokar aikinsa ta hana shi karɓa. Ka ce wa amaryata ta dama fura, babban baƙo ne. Amma tunda kai ne ka fara sa alƙalami a hannun nan, bai kamata ka ji a bakin taro ba. Ni na rubuta ta farko, ni na rubuta ta biyu. Sunan uban Darakta Lawal, sunan kakansa Jibril, wanda ya fi shi iya shiri.

Ka yafe mini, ka kuma sa baki Baba ya yafe.

Ni ne jikanka, mai jiran matarka,
Sunusi Lawal,
Babban Darakta mai murabus.