Gwiwar Surukina da Katakon Gindin Bango

Anti mai shawara, Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Don Allah ki taimake ni, magana ce ta tsaya mini a wuya na rasa wanda zan amayar wa. Babu wanda ya cuce ni, ba a kuma faɗa a gidana. Alheri ake yi mini, alherin ne yake neman ya zame mini laifi.

Bara muka tare a wani tsohon gida da maigidana ya gyara mana. Komai ya yi daidai, ban da daɓen. Anti, idan kika ajiye ƙwallo a bakin ƙofar falona, da kanta za ta gangara ta gaishe da taga, ta juyo ta kwanta ƙarƙashin kujera. Mai tayil ya bi daɓen yadda ya same shi, nan tudu, can kwari. Sai aka kira wani kafinta ya buga katakon nan da ake zagaya gindin bango da shi. Bawan Allah ya ɗauko katako miƙaƙƙe ya ɗora a kan karkataccen daɓe, ya buga ƙusa ya kama gabansa. Wani wurin katakon ya zauna, wani wurin kuwa sai ki zura yatsa a ƙarƙashinsa. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ni kyankyasai da tururuwa na samu. In na goge ɗaki ruwa ya kwanta a ciki, har katakon ya fara kumbura. Ga 'yata ta fara rarrafe, ba ta da aiki sai ta tura ɗan yatsa ta ƙwaƙulo datti ta kai baki.

Ana haka mahaifin maigidana ya zo ganin jikarsa. Baba kafinta ne tun yana saurayi, ƙofofi da kabad da gadaje babu irin wanda bai yi ba. Amma an yi masa aiki a gwiwar dama, likita ya hana shi durƙuso, dole ya bar wa waɗanda ya koya wa sana'a shagon ya koma gida. Tun daga nan ya zama wani mutum daban. Mutumin da in yana zance sai cikinki ya ƙulle don dariya, ya koma daga kujera sai rediyo. Abinci ma sai an yi da gaske yake taɓawa. Ranar da ya zo, na kawo masa shayi, ina gaishe shi yana amsawa, amma idonsa na gindin bango. Har shayin ya huce bai kurɓa ba. Washegari da hantsi sai ga shi da jakar kayan aikinsa.

Anti, ban taɓa sanin akwai ilimi a wannan ɗan katakon da muke bugewa da tsintsiya ba. Ya ɓamɓare na falon gaba ɗaya. Yakan jingina sabon katako da bango, ya ɗora masa ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a tsakiya, yana cusa 'yan ɓarɓashin katako a ƙarƙashi har ya daidaita. Sai ya duba inda ratar ta fi faɗi, ya yanko ɗan guntun katako mai kaurin wannan ratar. Ya kwantar da guntun a daɓe, ya ɗora fensir a kansa, ya riƙa jan su tare daga wannan kusurwa zuwa waccan. Inda daɓe ya hau fensir ya hau, inda ya sauka ya sauka, sai ga kamannin daɓen nan kaf sun fito a jikin katako. Daga nan ya bi layin da zarto, yana ɗan karkata bakin zarton ciki, ya ce don leɓen gaba kaɗai ya taɓa ƙasa, na baya kada ya tokare. Ya goge da magagari, ya gwada, ya yi alama inda ya tokare, ya cire ya ƙara gogewa, ba ya gajiya. In ya gama sai ya yago takarda ya ce in zura a ƙarƙashi. Wallahi ko kusurwarta ba ta shiga. Kai ka ce daga cikin daɓen katakon ya tsiro. A lungu kuwa sai ya sassaƙe bakin katako ɗaya ya rungumi fuskar ɗayan, ba ki ganin mahaɗi. Yakan ce daɓe kurma ne ba ya jin magana, katako ake lallashi.

Yana aiki yana 'yar waƙarsa, yana tsokanar jikarsa wai ita ce sufeto, tunda ita ta gano ramukan. In na kawo abinci sai ya share kwano har ya tambayi ƙari. Ni kuwa ɗinki nake yi a gida, amma tunda ya fara aikin nan kekena ya yi ƙura, kullum ina raɓe a bakin ƙofa ina kallo kamar an kafe ni.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan aiki a durƙushe ake yin sa, mutum yana jan gwiwa a kan tayil. Na taɓa yi masa zancen a fakaice, sai ya yi dariya ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, shi daɓen nan wada ne. Amma ranar da ya gama falo, ina kicin na hango shi yana son tashi ya kasa. Sai da ya ja jiki zuwa kujera ya dafa, gumi na zuba, ya cije leɓe. Gwiwar ta kumbura har ana gani ta cikin wando. Muka haɗa ido. Ya kira ni ya ce kada in kuskura in gaya wa ɗansa, don in ya ji zai kulle kayan aikin, shi kuma da a mayar da shi kujera gara a kai shi kushewa. Maigidana yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake zuwa. Kullum in ya bugo waya ya tambayi Baba sai in ce lafiya lau. Shi a zatonsa Baba zama kawai yake yi yana nuna wa ma'aikata.

Mama, wato surukata, ta kira ni ta ce in ya koma gida nishi yake yi, ita ke gasa masa ƙafar. Ta ce ni ce mai gidan, in ce masa aikin ya isa haka. Amma kafin ta ajiye waya sai muryarta ta yi rauni, ta ce rabonta da jin dariyarsa irin ta kwanakin nan tun kafin asibiti. Ƙanwar maigidana kuwa ba ta rage mini komai ba, ta ce na mayar da ubansu lebura, in ƙafarsa ta lalace ni ce sanadi. Anti, da wane bakin suruka za ta dubi uban mijinta ta ce ya tattara kayansa? Ga shi saura ɗakin kwana da doguwar baranda ta ciki, inda daɓen ya fi ko'ina muni.

Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa. Wata rana ya fita salla, na ɗauki ragowar katako da fensirinsa na gwada zanen a bayan ƙofa. Da ya dawo ya ga layin, ya tambayi mai shi, na sunkuyar da kai. Sai ya ɗauki zarto ya yanka a kan layina. Katakon ya zauna daram, sai wuri ɗaya da layina ya ɗan kauce. Ya dube ni ya ce ashe mai zana yadi da alli 'yar gida ce. Na yini ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna. Shi ya sa nake zargin kaina: anya shiruna don farin cikinsa ne, ko don kada a raba ni da kallon aikin da ya shiga raina?

In na yi magana na karya masa zuciya, in na yi shiru na karya masa ƙafa. Ki ba ni shawara don Allah.

Surukar Kafinta

*

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki, kuma ki yarda da ni, sai da na tashi na leƙa gindin bangon ɗakina. Abin da na gani ba na faɗa ba ne. Allah ya ba ki suruki na nunawa, shi ma ya ba shi suruka mai ido, don ba kowa ke tsayawa ya ga kyan aikin da ke ƙasa da idon sawu ba.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Gwiwar da aka yi wa aiki ta kumbura har mutum ya kasa tashi, wannan ta wuce gashi da ruwan zafi. A mayar da shi wurin likitansa cikin makon nan, kuma kada ya sake sa gwiwa a ƙasa kafin a duba shi. Ratar gindin bango za ta iya jiran ki, ki toshe ta baranda da tsumma don yarinya. Ƙafa kuwa in ta tafi, babu kafintan da zai sassaƙo wata.

Sai maganar sirri. Na san nauyin da kike ji, amma abin da ya shafi lafiyar mahaifi ba a ɓoye wa ɗansa, kuma duk ranar da kika ce lafiya lau alhali kin san ba haka ba, kina haƙa rami ne tsakaninki da mijinki. Sai dai kada ki zagaya ta bayan Baba. Ki same shi cikin ladabi ki ce ba za ki iya ci gaba da rufe wa ɗansa ba, kuma kin fi son ya ji daga bakinsa. Zai ɓata rai, ki daure. Tsoho mai hankali irinsa zai gane wadda ta faɗa masa a gaban ido ba maƙiyiyarsa ba ce. In baki ya yi miki nauyi, ki tafi da Mama. Ita ce ta fi kowa fahimtar halin da ake ciki, tunda ita ke jin nishin, ita ke jin dariyar. Ƙanwar mijinki kuma ki yi mata uzuri. Harshenta ya yi kaifi, amma tsoro ne ke magana, ubanta ne.

A ɗaya gefen, Baba ma yana da gaskiya, kuma ina so ki nuna wa mijinki haka. Mutumin da ya yi rayuwarsa da zarto a hannu, in aka ce ya zauna kawai, wata cutar aka ɗora masa. Cin abinci da raha da kuka ga sun dawo, magani ne da ba a sayarwa a kanti. Kulle kayan aiki ba mafita ba ce.

Ki sake duba aikin yadda kika bayyana mini. Daidaita katako, jan fensir da buga ƙusa ne kawai ke buƙatar ƙasa. Yanka, guga da sassaƙar lungu, inda gwanintar take, duk ana yin su a tsaye ko a zaune. To a kafa masa tebur mai tsayin ƙugu da doguwar kujera a inda iska ke shiga, in likita ya amince. Ke ki zana, ki kai masa, ya yanka, ki dawo ki gwada ki yi alama. Ƙusa kuwa a bar wa mijinki in ya zo ƙarshen wata, ya duba inda waya da bututun ruwa suka bi kafin ya buga. Kada ki kawo masa shawarar a matsayin rangwame ga gurgu, don zai ƙi. Ki roƙe shi ya koya miki, tunda da gaske kina so. Gwani yakan ƙi a tausaya masa, amma da wuya ya kori mai neman sani.

Zargin da kike yi wa kanki kuma ki ajiye shi. Son aiki mai kyau ba laifi ba ne, laifin kawai a bar tsoho ya biya da ƙafarsa. Ki samo abu mai laushi da za ki riƙa durƙusawa a kai, ki nisanta yarinya daga garin katako, kada kuma masu ɗinki su zo su tarar ba ki taɓa kayansu ba. In ya ƙi duk wannan ya ce sai ya durƙusa, to a dakatar da aikin, kuma wannan hukunci ya fito daga bakin ɗansa da matarsa, ba daga naki ba.

Aikin zai yi jinkiri, za ki ɓata katako, zai yi miki faɗa irin na masu koyarwa. Duk ki shanye, ba kowa ake yi wa irin wannan faɗan ba. Ki gaishe mini da Baba, ki ce wata mai rubutu a jarida tana jinjina wa hannunsa. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya raya miki 'yarki, ya bar ku tare cikin alheri.