Baba ba Rabaran ba ne

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da aikinka. Allah ya tsare ka a baƙon wuri, ya haɗa ka da mutanen kirki. Mu nan muna lafiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma mawaƙan mata, tana ta ƙorafin cewa sun lalata mata waƙoƙi da ba ta nan. Yarana suna gaishe ka, ƙaramar ta fara tafiya, ba abin da ta bari a kan tebur.

Auta, na ɗauki waya sau da yawa in kira ka, sai in ajiye, domin na san idan na ji muryarka faɗa zan yi, maganar kuma ba ta faɗa ba ce. Ranar Asabar da ta wuce kawun yarinyar da kake nema ya kira Baba. Ina wurin, muna cikin ɗakin ajiya na majami'a, ina taya shi jera littattafan waƙa, shi kuma yana manna bangon wanda ya yage. Ka san Baba ba ya jin waya sai ya buɗe murya, don haka komai a kunnena aka yi. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, yana ta ce masa Rabaran. Ya ce danginsu sun yi murna da za su haɗa zuri'a da gidan limamin coci, har sun yanke shawara ba wanda zai ɗaura auren nan sai shi, tunda kai ka gaya musu mahaifinka Rabaran ne.

Baba ya ajiye littafin da ke hannunsa. Sannan ya gaya wa mutumin cewa shi katikis ne, ba a naɗa shi limami ba. Ya ce yana wa'azi, yana bi da sujada, yana koyar da masu shirin baftisma, yana binne matattu idan limami ya yi nisa, amma ɗaura aure da keɓe jibin Ubangiji ba nasa ba ne. Kawun ya tambaya ko dai kuskuren ji suka yi. Na ɗaga wa Baba hannu don ya ce eh, ya rufa maka asiri, ya ƙi kallona. Ya ce shi bai san abin da ka faɗa ba, amma ya san ɗansa yaron kirki ne, su tambaye ka. Mutumin ya ce to, za su sake zama, ya yi sallama a gajarce.

Abin ya zo a mugun lokaci. Sabon limamin da aka kawo mana, yaro ne sa'anka, ya sanar a taron kwamiti cewa daga yanzu a kira kowa da sunan aikinsa, a daina ce wa katikis da masu karatu Fasto. Gaskiyarsa ce, Baba ma shi ya fara goyon baya, ai shekara da shekaru yana gyara wa mutane bakinsu. Amma tsofaffin mata sun ce su ba za su iya ba, mutumin da ya riƙe musu majami'a lokacin da ba limamin da ke yarda ya zauna nan, ba za su ce masa katikis kamar ɗan aike ba. Yanzu wasu Malam suke cewa, wasu Baba, wasu su buɗe baki su rasa abin faɗa su wuce. Baba yana dariyar abin a waje, sai ga naka ya faɗo a kai.

Tun ranar bai zauna wuri ɗaya ba. Ya share harabar majami'a da aka riga aka share, ya kwance kekensa ya ɗaura, ya fita ziyarar marasa lafiya ya dawo ya sake fita. Ni ma haka nake, a wurin aiki sai an kira ni sau biyu. Jiya ya ce wa Mama da ya sani da ya tafi makarantar limamai lokacin da aka ba shi dama. Mama ta ce da ya tafi, wa zai riƙe mu, kai kana goye, Kaka tana kwance. Ban taɓa jin ya yi da-na-sanin wannan ba sai jiya, kuma kai ka jawo.

Na san ba don raini ka yi ba. Ka ga gidansu manya ne, bakinka ya zarce. Amma ka je wurin kawun nan da ƙafarka tun kafin su zauna, ka faɗi gaskiya, ka fara da ita yarinyar. Idan suka fasa, ba don Baba katikis ba ne, kada ka bari zuciyarka ta gaya maka haka.

Baba bai ce ka ba shi haƙuri ba. Abu ɗaya ya ce in tambaye ka, kuma ya sa na maimaita don kada in canza masa magana. Ya ce idan Allah ya sa auren ya tabbata, za ka so ya zo ya karanta Nassi a gaban surukanka a matsayinsa, ko ya zauna a baya cikin jama'a don kada ya ba ka kunya. Ya ce duk wanda ka zaɓa zai yi. Kada ka ba ni amsar in kai masa. Ka kira shi da kanka.

Mama tana gaishe ka, da Gwaggo, da mijina. Ka gaishe mini da Kawunmu da iyalinsa idan kun haɗu, da ita yarinyar, in har tana amsa gaisuwarmu. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Ni ce,
Yayarka