Rakin Inna

Litinin, 3 ga Maris
Nas ɗin da ke zuwa gida duba Inna ta zo da tambayoyinta. Ina ne ke ciwo? Suka yake yi ko zugi? Kina samun barci? Me ke damun zuciyarki? Inna ta gyara ɗankwali, ta yi murmushi: "Da sauƙi, 'yar nan." Ana rufe ƙofa ta hau nishi, wai ƙugunta kamar an zuba garwashi. Likita ya ce cutar ba ta warkewa, sai dai a rage mata raɗaɗi. To yaya za a rage abin da take ɓoyewa?

Laraba, 5 ga Maris
Yaya ya bugo waya. Shi ma "da sauƙi" ya samu, har da dariya da sa albarka. Ni da na rufe shagona nake wanke ta, nake juya ta, ni ce bolar zuba raki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haushi kamar ya kashe ni.

Asabar, 8 ga Maris
Nas ta tare ni a bakin ƙofa. "Ke kaɗai take gaya wa gaskiya. Da bakinki nake auna maganinta." Har ta tambayi nawa jikin. Na ce da sauƙi.

Lahadi, 9 ga Maris
Yau na fashe. Wai filo ya yi tauri, ruwa ya yi sanyi, hannuna kamar katako. Na ce, "Haba Inna, ni kaɗai kika raina? Ni ma ki riƙa ce mini da sauƙi mana, in huta!" Ta daɗe tana kallona. Ta ce to.

Talata, 11 ga Maris
Gida tsit. Ga hutun da na roƙa.

Alhamis, 13 ga Maris
"Yaya jiki, Inna?" "Da sauƙi, Auta." Alhali ta damƙe zanin gado, leɓenta duk ya fashe da cizo. Nas ta juyo gare ni, na ce ni ma yanzu "da sauƙi" take ce mini. Ta ce ta ga ciwon a fuska, amma fuska ba ta faɗin suka ne ko zugi, kuma kowanne da maganinsa. Duk taurin kan tsohuwar nan ne. Ba wani abu ba.

Asabar, 15 ga Maris
Ban ba ta haƙuri ba, ba mu saba ba. Filon nan mai tauri na ɗauko da gangan na cusa mata, na hau murza ƙugunta. Ta daure, ta daure. Can ta ce, "Wai ke hannu gare ki ko katako? Ba nan ba, ƙasa! Kamar ana soka allura." Sai ta ƙara da cewa, "Kuma in kin ja ƙofar nan tsoro nake ji, Auta."

Na kira nas na zayyana mata duka.

Na jawo katifata ɗakin Inna, don dai nan ya fi iska. Tun ɗazu take mita. Ban ce ta daina ba.