Na Warke, Amma Ina Ɓoye wa Yayata

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin bakina ya tona mini asiri. Na san masu rubuto miki yawanci kuka suke kawowa. Ni kuwa daɗi ne ya yi mini yawa har ya zama matsala, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa bai yi mini dariya ba. Ke ma in kin ga dama ki yi, amma in kin gama ki ba ni mafita.

Ni tela ce. Ina da ɗan shago mai ƙofa ɗaya, da keke biyu, da teburin yanka, da dogon benci inda masu jiran kaya suke zama suna zagina a zuci. Wanda ya san teloli ya san halinmu, hannu biyu ba sa isar mu, sai mun haɗa da baki. Tun ina koyo nake jera fil a tsakanin haƙora in ina gwada wa mace riga, waya kuma maƙale tsakanin kafaɗa da kunne, wata tana can tana tambayar ina aka kwana a kan kayanta. Haka nake wuni haƙora a cije. In an faɗa mini maganar da ta sosa mini rai, sai in ƙara datse fil ɗin in ce to.

Abin ya fara da ciwon kai ta gefen kunne. Daga nan in na buɗe baki sai in ji ƙas a muƙamuƙina. Maigidana ya ce ina niƙa haƙora a cikin barci kamar injin markaɗe, na ce sharri ne irin nasa. Kafin in ankara hamma ta gagare ni, cokali ma sai na karkata shi yake shiga. Nama na bar shi, ɓawon burodi na bar shi, na koma shan ruwa-ruwa. Fuskata ta ɗaure tamau, har masu kawo ɗinki suka fara cewa telar nan ta cika shan ƙamshi. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da autata ta tambayi babanta laifin me ta yi mini da na daina yi mata dariya. Na je wajen likitan haƙori, ya duba ya ce haƙoran lafiya lau, naman muƙamuƙin ne ya ɗaure saboda cizo da damuwa. Ya ce in nemi masu gashin ƙashi su yi mini tausar fuska.

To, nan ake yin ta. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, aikinta ke nan a asibiti, kuma kowa ya shaida hannunta. Amma shekarunmu kusan huɗu ba ma magana. Lokacin jinyar mahaifiyarmu ita ce ta kwana ta tashi a kanta wata da watanni. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, na bar gefen gadon na ce bari in kai wa wata kayanta in dawo yanzu. Na dawo na tarar an rufe mata fuska. A gaban dangi Yaya ta ce ɗinki ya fi mini uwa. Na cije baki na fita. Tun daga ranar ko a taron dangi muka haɗu sai dai kowa ta kama kusurwarta. Saboda haka na ce wa maigidana gara bakin ya rufe gaba ɗaya da in kai mata fuskata.

Ashe mutumin nan ya kira ta a bayan idona. Wata yamma ina yanka yadi sai ga ta a ƙofar shago da 'yar jakarta. Sallama kawai ta yi. Ta kalli fil ɗin da ke bakina, ta miƙo tafin hannu, ni kuwa na tofa mata su kamar yarinyar da aka kama da alli. Ta ce aiki ne ya kawo ta, ba zumunci ba, kuma ranar da ciwon ya tafi ta gama. Ta zauna a ƙarshen bencin, ta sa tawul a cinyarta, ta nuna mini in kwanta in ɗora kai.

Gwaggo, ban san fuska tana gajiya ba sai ranar. Ta fara ɗora mini tawul mai ɗumi, sannan ta shafa ɗan mai a yatsu ta shiga murza gefen goshina a hankali. Ta gangaro ta gaban kunne, ta bi muƙamuƙin har haɓa, ta tarar da wani ƙulli mai tauri kamar tsakuwa, ta danne shi ta tsaya. Na ga taurari tun rana ba ta faɗi ba. Ta sa safar hannu ta zura yatsa ta cikin kuncina, ta kama naman ciki da waje tana lallaɓa shi. Maganarta ba ta wuce buɗe, rufe, saki, ja numfashi. Hawaye ya riƙa gangarowa cikin kunnena, na bar ta a kan zafin tausar ne. Gaskiyar kuwa rabon da in ɗora kai a cinyar nan tun tana yi mini kitso ina 'yar makaranta.

Duk mako take zuwa, rana ɗaya, in ta tashi daga aiki. Ta koya mini in bar leɓɓa a rufe amma haƙora a rabe, harshe kuma a kwance a sama. Ta kawo mini ɗan matashin soka fil da ake ɗaurawa a hannu, ta ce in ta ƙara ganin ƙarfe a bakina za ta sa almakashina ta aske mini gira. Wannan ne wasa na farko da ya haɗa mu a shekarun nan.

Ina mai yi miki albishir, na warke sarai. Wata safiya ina kan keke hamma ta zo mini, na saki baki har sai da mai jiran kaya ta ce ta hango abin da na karya da shi. Babu ƙas, babu zafi. Na tashi na yi rawa a tsakiyar shago da tef a wuya. Ranar na sayi tuffa na gatsa, na sayi karas na gurgura, na ci nama har da guringuntsi. Ciwon kai ya tafi. Maigidana ya ce injin markaɗen ya daina aiki. Autata ta ba ni wani labarin makaranta marar kan gado, na yi dariya har na riƙe ciki, yarinyar ta tsaya tana kallona sannan ta faɗo jikina. Masu cewa ina shan ƙamshi yanzu cewa suke telar nan ta cika surutu. Wallahi ji nake kamar an sauke mini buhu daga ka.

Amma ban faɗa wa Yaya ba, kuma an fi wata guda. Ai ita ta ce ranar da na warke ta gama. In ranar zuwanta ta zagayo sai in ɓoye karas ɗina a ƙarƙashin yadi, in tsaya gaban madubin gwaji ina koyon ɓata fuska. In ta ce buɗe, sai in buɗe rabi in yi ɗan nishi. Maigidana yana leƙowa ta taga yana ƙunshe dariya, wai ashe 'yar wasan kwaikwayo ya aura bai sani ba. Ni kuwa abin ba dariya ba ne a wajena. Matar nan a tsaye take wuni a wurin aiki, ta hau mota biyu kafin ta iso, ina ganin yadda ƙafafunta suke kumbura a cikin takalmi. Ina jin kunyar wahalar da nake ba ta a kan ƙarya. Ina kuma tsoron in ce na warke, ta naɗe tawul ɗinta, mu koma gidan jiya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne zuwanta na ƙarshe. Ta shigo da ɗaurin rake ta ajiye a kan teburin yanka, ta ce na auta ne. Autar nan kuwa haƙoranta na gaba duk sun zube, ko ayaba sai ta gefe take ci. Kuma duk duniya Yaya ta fi kowa sanin ni ce mayyar rake tun muna yara. Ta yi tausarta, ta ce sai mako mai zuwa, ta tafi. Tarko ta ɗana mini don ta kama ni ta yanke zuwa? In faɗa mata gaskiya ko in ci gaba da nishi? Raken yana nan a jingine, ina kallonsa yana kallona.

Taki,
Mai fil a baki (a da)

AMSA

'Yata mai fil a baki, na yi dariyar da kika ba ni izini, kuma na taya ki murna. Barka da warkewa. Wanda bai taɓa rasa hamma ba bai san ni'ima ce ba.

Bari in fara da abin da ya hana ki sukuni. Ni ba likita ba ce, amma na san sana'a. In mace ta kawo miki yadi ta rantse mai tsada ne, kina buƙatar rantsuwarta, ko yatsunki ne suke gaya miki? To haka Yayarki take da naman fuska. Yatsun da suka gano ƙullin nan ranar farko, su ne suke bin wurin duk mako, kuma sun san ranar da ya narke. Za ki iya buɗe baki rabi, amma ba za ki iya mayar da taurin da ya tafi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ganina Yayarki ta san kin warke, wataƙila ma ta riga ki sani.

Yanzu ki sake duba lissafin. Ta sani, amma ta ci gaba da hawa mota biyu da kumburarriyar ƙafa. Ta sani, amma ta ce sai mako mai zuwa. Mai son yanke zuwa ba ta buƙatar tarko, cewa kawai za ta yi aikinta ya ƙare. Raken nan ba tarko ba ne. Mace ce mai nauyin baki irinki take gaya miki ta tuna abin da ƙanwarta take so. Ashe ba ke kaɗai ce 'yar wasan kwaikwayo a shagon nan ba, ku biyu ne, kowacce tana tsoron ta fara daina nata wasan.

Maganar da ta faɗa ranar rasuwa ta yi nauyi, ba zan wanke ta ba. Ba a faɗa wa wadda ta rasa uwa irin wannan, balle a gaban jama'a, kuma fitar da kika yi ba ita ta kawo ajali ba. Amma ki tuna daga bakin wa ta fito: matar da ta yi watanni ba barcin kirki, kuma a hannunta aka cika. Ke ma shirun shekara huɗu hukunci ne mai tsanani, kin kuma ga inda ya taru ya zauna miki. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, kuma a baki ɗaya suke kwana. Wadda ta ɗauki jaka ta zo har ƙofarki ta riga ta yi rabin ban haƙuri, ko da bakinta ya ce aiki ne ya kawo ta.

Ƙaryar kuwa ki ajiye ta haka nan. Tana wahalar da ita, kuma mai koyon ɓata fuska a gaban madubi tana iya jawo wa kanta ciwon da ta rabu da shi. Ki riƙe abin da ta koya miki, fil ya zauna a matashinsa, waya ta bar kafaɗa. In ciwon ya dawo ko bakin ya sake ƙin buɗuwa, ki faɗa mata da gaske ku koma wajen likita.

Ga abin da za ki yi. Ki gaya mata kin warke, ki gode mata, ki kuma gaya mata dalilin ɓoyewar a fili: ba kya son ta daina zuwa. Kada ki tono maganar rasuwa a ranar, in ta taso da kanta ki saurara, ki faɗi naki ba tare da cije baki ba. Sannan ki karɓi naki rabon wahalar, don zumunta a ƙafa take. Ita ta zo miki da sana'arta, ke ma ki je mata da taki. Ki zaɓi yadi mai kyau, ki rataya tef, ki hau motocin nan biyu ki je gidanta ki auna ta. Riga tana son awo, tana son gwaji, tana son gyara, kuma na san teloli, in kun ga dama riga ɗaya sai ta shekara ba ta ƙare ba.

Kin ci nasara biyu, 'yata, ke kuma ɗaya kike ƙirgawa. Bakinki ya buɗe, Yayarki ta dawo. Ranar da za ta zo, kada ki kwanta a bencin nan. Ki fere raken, ki yanka gaɓa biyu, ki sha ɗaya a gabanta da haƙoranki duka, ki miƙa mata ɗayar. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan mahaifiyarku, ya bar ku tare.

Gwaggo